Tsibiran Galapagos: Yadda dokar ƙananan jiragen ruwa ke kare namun daji, da inda ta gaza

A watan Agustan 2024, gwamnatin Ekwado ta ninka kuɗin da baƙo ɗan ƙasar waje ke biya kafin ya taka tsibiran Galapagos, daga dala 100 zuwa 200. Rabon da a taɓa wannan kuɗi tun 1998. Dalilin da hukumomi suka bayar shi ne baƙi sun yi yawa: a shekarar 2023 kaɗai kimanin mutum 330,000 ne suka ziyarci tsibiran da mazaunansu ba su wuce 30,000 ba.

Galapagos na cikin Tekun Fasifik, nisan kusan kilomita 1,000 daga gaɓar Ekwado. Akwai halittun da ba a samun su a ko'ina sai can, kamar manyan kunkuru masu haura shekara ɗari da ƙadangarun da ke nutso cikin teku suna kiwo. Su ne Charles Darwin ya gani a 1835. A 1959 aka mayar da kashi 97 cikin ɗari na ƙasar tsibiran gandun daji, sannan UNESCO ta sanya su cikin wuraren tarihi na duniya a 1978.

Yadda tsarin yake

Doka ta hana jirgin yawon buɗe ido ɗaukar fasinja fiye da 100 a ruwan tsibiran. Hukumar gandun ce ke tsara wa kowane jirgi hanyarsa, kuma tun 2012 ba ya komawa wuri ɗaya sai bayan mako biyu. Jirgin kan yi tafiya da dare, da safe a sauke baƙi a ƙananan kwalekwale zuwa gaɓa. Kowane jagora mai lasisi ba ya jan fiye da mutum 16, ba a sauka daga turbar da aka shata, kuma tilas a bar tazarar mita biyu tsakanin mutum da dabba.

Inda gizo ke saƙa

An ƙayyade guraben jiragen, amma babu ƙa'ida kan yawan masu shigowa ta jirgin sama su sauka a otal. Su ne mafi rinjaye a yanzu. Kowane ƙarin baƙo na nufin ƙarin abinci da man fetur da za a yi jigilarsu daga babban yankin ƙasar, kuma cikin kayan ne ƙwari da irin tsirrai ke laɓewa su shigo. Wani baƙon ƙuda da tsutsarsa ke shan jinin 'yan tsakin tsuntsaye a sheƙa yana barazana ga wasu nau'o'in tsuntsayen. Jigilar man ma ta taɓa jawo ɓarna: a Janairun 2001 tankar Jessica ta maƙale kusa da tsibirin San Cristobal, mai ya malala, kuma bincike ya nuna fiye da rabin ƙadangarun ruwa na tsibirin Santa Fe sun mutu cikin shekara guda.

Sai batun wa ke cin moriya. Fasinjan jirgi a cikinsa yake ci, a cikinsa yake kwana, don haka kaɗan ne daga kuɗinsa ke isa hannun mai shago ko mai masauƙi a gari. Baƙon otal kuwa a gari yake kashe nasa. Saboda haka yawon da ya fi sauƙin sa wa ido ba shi ne ya fi ciyar da mazauna ba, kuma duk ɗan siyasar da ya nemi rage baƙin otal zai yi karo da masu zaɓensa.

Ƙarin kuɗin shiga zai samar wa gandun da ƙananan hukumomi kuɗin aiki. Sai dai wanda ya iya biyan dubban daloli don mako guda a jirgi, dala 200 ba za ta hana shi zuwa ba. Muddin ba a ƙayyade adadin masu sauka a filayen jirgin sama na Baltra da San Cristobal ba, dokar jiragen ruwa ƙofa ɗaya kawai take tsaro.