Mene ne "kuɗin zama" da ɗaliban waje ke kuka da shi a Maraɗi?

Kuɗin zama shi ne duk abin da ɗalibi ke kashewa ban da kuɗin makaranta: hayar ɗaki, abinci, ruwa, lantarki, kuɗin kabu-kabu da magani. A Maraɗi batun ya fi shafar ƴan Najeriya da ke karatu a jami'o'i masu zaman kansu, irin su Jami'ar Maryam Abacha da aka kafa a 2013.

Ta fannin masauki, jami'ar gwamnati ta Dan Dicko Dankoulodo tana da ofishin CROU, wato hukumar kula da kwana da abincin ɗalibai a farashi mai rangwame. Wanda bai samu wurin kwana a makarantarsa ba, sai ya kama haya cikin gari, galibi su biyu ko uku a ɗaki guda. Ana iya neman sauƙi a Tibiri ko Jiratawa, amma abin da aka rage a haya, kuɗin zirga-zirga zai cinye shi.

Babbar matsalar ita ce canji. Iyaye na aiko da naira, mai gida kuwa sefa yake karɓa. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, naira kuma ta faɗi warwas tun da aka sake ta a Yunin 2023. Ko mai gida bai ƙara ko dala ba, haya ta yi wa uba a Katsina tsada.

Iyaye, ku yi lissafin shekara da sefa kafin ku turo yaro.