Kwaɗon Mambila da kwaɗon Bune

A tsaunin Mambila na jihar Taraba, wajen Gembu, inda ƙasa ta ɗaga kimanin mita 1,600 kuma hazo ke kwana a ciyawa, akwai wani kwaɗo mai hawan itace. Masana sun raɗa masa suna Leptopelis nordequatorialis a 1966. Kan yatsunsa akwai faifai mai danƙo da ke riƙe shi jikin ganye, kuma danginsa a danshin ƙasa kusa da ruwa suke binne ƙwai. In 'ya'yan sun ƙyanƙyashe sai su yi ta mutsu-mutsu har su faɗa ruwa. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, da fatar cikinsa yake tsotsa, da fata kuma yake wani ɓangare na numfashinsa. Duk abin da ya gurɓata ruwa, jikinsa yake shiga kai tsaye. Ta wannan ƙofa wani naman gwari mai kama fata, wanda aka tantance a 1999, ya yi wa kwaɗin tsaunukan Amurka ta Tsakiya mummunar ɓarna.

Mutumin Bune zai ce ina ruwansa, shi da ke tsakanin tudun rairayi da kwarin dabino da kanwa, a ƙasar Gure da ruwan shekara ke tsayawa wajen milimita 300. Zai ƙara da cewa kwaɗon yankinsu ai jarumi ne: yakan nutse cikin ƙasa tun kaka, wani ma ya naɗe kansa da saɓar fatarsa, ya yi rani cur bai motsa ba, sai ruwan fari ya tashe shi. Gaskiya ne, amma jarumtar ta babba ce. Ɗansa a ruwa yake rayuwa da numfashi irin na kifi, kuma tilas tafki ya jira shi makonni har ya fid da ƙafafu. In rairayi ya cike kwari, ruwan ya ƙafe kafin lokaci, zuriyar shekarar ta tafi gaba ɗaya, ko da iyayen na nan lafiya a ƙasa. Haka in aka wanke tulun feshin magani a tafkin.

Ana yawan cewa kwaɗi na maganin sauro. An zuzuta abin, ƙwarin gona suka fi ci. Amfaninsu da ya fi ƙarfi shi ne shaida a kan lafiyar ruwa. Tafkin da ya saba cika da kukan kwaɗi a Yuli, ya zo ya yi shiru shekara biyu uku a jere alhali ana ruwa, a bincike shi, domin daga nan awaki da raƙuma ke sha.