Zumunci da Kwanciyar Rai: Abin da Masu Bincike Suka Gano

 Idan aka tambayi mutum abin da zai faranta masa rai a zaman duniya, galibi sai ya ce dukiya ko muƙami. To, masu ilmi sun daɗe suna bin diddigin wannan magana, ga kuwa abin da suka samo.

A shekarar 1938 Jami'ar Harvard ta ƙasar Amurka ta fara lura da rayuwar ɗalibanta 268. Daga baya aka haɗa su da samari 456, 'ya'yan talakawan birnin Boston, jimla mutum 724 ke nan. Aka yi ta yi musu tambayoyi, likitoci suna duba lafiyarsu, tun suna samari har suka tsufa. Da aka auna, sai aka ga waɗanda suka fi jin daɗin zama da iyalinsu da abokansu sa'ad da suke da shekara 50, su ne suka fi ƙoshin lafiya da suka kai 80. Waɗanda suka zauna cikin kaɗaici kuwa, jikinsu ya fi saurin raunana.

Kyauta ma an gwada ta. A 2008 wata malama a Kanada, Elizabeth Dunn, da abokan aikinta suka ba mutane kuɗi da safe, waɗansu dala 5, waɗansu dala 20. Aka umurci waɗansu su kashe wa kansu, sauran su kashe wa wani. Da maraice aka tambaye su, sai ga shi waɗanda suka yi wa wani alheri sun fi murna, yawan kuɗin kuwa bai kawo bambanci ba. A 2013 aka duba bayanan ƙasashe 136, aka tarar a yawancinsu masu bayarwa sun fi jin daɗin rayuwa, har a ƙasashen matalauta.

Kada a ɗauka ana nufin gaisuwa tana maganin yunwa. Abinci da tufafi da magani suna kan gaba. Amma kaɗaici ma ciwo ne, gama a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da shi.

Saboda haka ga abubuwa uku da ake roƙon hakimai su sa wa ido. Na fari, idan 'yan'uwa suka kawo ƙarar gona ko gado, kada a tsaya ga kafa iyaka kaɗai, a yi ƙoƙari su tashi suna gaisawa. Na biyu, a umurci dagatai da masu unguwanni su san tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi cin rani, da matan da mazansu suka rasu, a riƙa leƙa su. Na uku, a raya aikin gayya, domin ban da noman da ake samu, yana haɗa kan jama'a.

Tun da can magabata suka ce zumunta a ƙafa take. Ana fatan malamai za su karanta wannan takarda a gaban fada ranar da dagatai suka taru. Allah ya ƙara mana zaman lafiya, amin.