Kaskon Ruwa Domin Mai Gadin Rumbu

Duk wanda ya san ƙasar Daudawa, da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ya san cewa arzikin mutanenta a cikin ƙasa yake, domin tun zamanin Turawa, sa'ad da aka kafa gonar gwajin irin auduga a Daudawa, har zuwa yau da masara da dawa da waken soya suka cika gonaki, ba a raba manomin wannan yanki da rumbu, ba a kuwa raba rumbu da ɓarnar ɓera. Saboda haka da wuya ka shiga gida uku a jere ba ka iske kyanwa ba, wadda waɗansu ke kira mage, tsofaffi kuma su ce mussa, tana kwance a gindin rumbu ko bisa katanga, tana aikin gadin da ba a yanka mata lada ba. Akuya tana da mai ba ta dusa, ana kai shanu mashaya, ko kaji ma suna da kaskonsu a inuwa; amma in ka tambayi mai gida inda kyanwarsa take shan ruwa, sai ya yi shiru yana dubanka, domin bai taɓa ganinta tana sha ba, bai kuwa taɓa tambayar kansa dalili ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan mas'ala, wadda na san waɗansu za su gani ƙarama ce, shi ne wani muzuru na wani ɗan'uwana mai sayar da hatsi, wanda akan kulle a ɗakin ajiya tun magariba har hantsi don ya tsare buhuna. A cikin wata bazara aka lura yana yawan tsugunawa a kan yashi, yana yunƙuri yana kuka, ba abin da ke fita, mutanen gida suka ce ai taurin bayan gida ne, suka ɗura masa man gyaɗa. Kwana na biyu ya ƙi abinci yana amai, kwana na uku aka iske shi a bayan buhuna ya mutu. Sai daga baya, da na ba wani malamin dabbobi labari, ya ce da ni bawali ne ya toshe masa, ya kuma tambaye ni ko akwai ruwa a ɗakin da ake kulle shi. Babu.

Asalin al'amarin yana cikin halittar dabbar. Masana sun tabbatar cewa kyanwar gida ta fito ne daga kyanwar dajin Afirka da ƙasashen Gabas ta Tsakiya, wadda ta saba da ƙasa mai ƙarancin ruwa, kuma hatsi ne ya haɗa ta da ɗan Adam, domin inda aka tara hatsi ɓera ya taru, inda ɓera ya taru ita ma ta biyo. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai shekara wajen 9,500 aka iske mutum da kyanwa an binne su kusa da juna. Allah cikin hikimarsa ya yi ta yadda mafi yawan ruwan da jikinta ke bukata daga naman abin da ta kama take samunsa, tun da yake jikin ɓera ko tsuntsu wajen kashi 70 cikin 100 ruwa ne, ya kuma ba ta ƙoda mai tsumin ruwa, wadda ke fitar da fitsari kaɗan mai kauri. Wannan baiwa tana tafe da wata illa, ita ce ƙishirwa ba ta damunta da wuri kamar yadda take damun kare, har jikinta yakan soma bushewa alhali ba ta tashi neman ruwa ba. Muddin tana cin farautarta, lissafin yana tafiya daidai. Amma kyanwar da ta ƙare ɓerayen gida ta koma ga ƙanzon tuwo da kan busasshen kifi, ko wadda masu hali a Funtuwa da Kano ke saya wa busasshen abincin kanti, wanda ruwansa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, an ɗauke mata mashayarta ta asali ba a musanya mata da wata ba. Mu kuwa, bisa kyakkyawar al'adarmu ta tsafta, mun rufe randa da faifai, mun toshe bakin tulu da jarka, sai ta koma lasar ruwan wanke-wanke mai sabulu, ko na kwata, in ma ta samu.

Idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki, fitsari yakan ƙara kauri ya daɗe a mafitsara, ma'adanan da ke narke a cikinsa su soma daskarewa, kamar yadda gishiri ke fitowa a gindin tukunya in ruwa ya ƙone, su zama yashi-yashi, wani lokaci har tsakuwa. Cimar hatsi zalla kuma tana taimaka wa wannan, domin kyanwa maciyar nama ce a ɗabi'arta. Ta mace takan sha wahala da zafi da jini a fitsari, amma da yake mafitarta gajeriya ce mai ɗan faɗi, ba safai take toshewa ba. Muzuru shi ne ke cikin babban haɗari, domin tasa doguwa ce siririya, ɗan yashi kaɗan da majina sun isa su rufe ta ruf. In kuwa ta rufe, mafitsara ta cika ta yi tauri kamar lemo, dafin da ya kamata ya fita ya koma cikin jini, ƙoda ta gaza, zuciya ta raunana, a cikin kwana 2 zuwa 3 rai ya yi halinsa.

Hausawa sun ce mage mai kwanciyar ɗaukar rai, kuma wannan kwanciya tata ita ke ruɗin mai ita, domin lafiya da ciwo duk a kwance take yin su, ba ta kuma nuna rauninta sai abu ya yi nisa. Don haka wajibi ne a san alamomin: yawan tsugunawa ba tare da fitar komai ba ko sai ɗigo, kuka a lokacin yunƙuri, yawan lasar gaba, jini a inda ta yi fitsari, ko yin fitsari a kan tabarma da shimfiɗa ga dabbar da aka sani da tona rami ta binne. Wanda ya ga haka ga muzuru, kada ya jira wayewar gari biyu, kada ya matsa masa ciki da nufin taimako, domin mafitsarar tana iya fashewa. Ina kuma gargaɗi da babbar murya a kan ƙwayar farasitamol, wadda muka mayar maganin kowane ciwo: hantar kyanwa ba ta iya sarrafa ta, ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta. Magani yana hannun likitan dabbobi, wanda zai sa ta barci ya zura siririn bututu ya buɗe hanya, ya ƙara mata ruwa. A fara da malamin dabbobi mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsa akwai asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ban jahilci cewa hanya daga ƙauyukanmu zuwa can tana da nisa da tsada ba, kuma a wannan zamani na rashin tsaro ko mutum ne ba shi da lafiya sai an yi shawara kafin a fita da shi da dare. Wannan shi ne ma hujjata mafi ƙarfi, cewa ga mutumin Daudawa kaskon ruwa ya fi masa sauƙi nesa da kuɗin mota.

Mai yiwuwa wani ya ce, ana fama da abin da za a ci, wa ke ta kyanwa? Amsarsa tana wurin malamanmu. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta shayar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. A lura an ambaci shayarwa da sunanta, kuma laifin matar tsarewa ne tare da gafala, wanda ya yi kama ƙwarai da kulle muzuru a ɗakin hatsi ba ruwa. Imamu Malik kuma ya kawo a cikin Muwaɗɗa yadda sahabi Abu Ƙatada, Allah ya yarda da shi, ya karkata wa kyanwa mazubin ruwan alwalarsa har ta sha, da matar ɗansa Kabsha ta yi mamaki ya sanar da ita cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore najasa daga kyanwa, ya lissafa ta cikin masu kai da kawowa a tsakanin mutanen gida. Wanda ke korarta daga bakin buta da sunan tsarki, to, ya tsananta inda shari'a ta sassauta.

Aikin kuwa ba mai yawa ba ne. Likitoci sun ƙiyasta cewa kyanwa tana bukatar ruwa wajen mililita 50 ga kowane kilo na nauyinta a yini, har da wanda ke cikin abinci, watau babbar kyanwa mai kilo 4 tana bukatar mililita 200, bai kai rabin ledar ruwan da muke saye a kasuwa ba. A watannin Maris zuwa Mayu, da lokacin hunturu mai busar da komai, bukatar takan ƙaru. A samo mata kasko mai faɗi marar zurfi, domin ba ta son gashin bakinta yana gugar gefen mazubi, na ƙasa kuma ya fi, saboda yana sanyaya ruwa. A ajiye shi a inuwa, nesa kaɗan da inda take cin abinci, nesa sosai da inda take bayan gida, kuma in gidan babba ne a yi biyu ko uku, ɗaya a kan wani tudu inda kaji da awaki ba za su ɓata shi ba. A wanke a sake ruwan kowace safiya, domin hancinta ya fi namu ji, ruwan da ya kwana da ƙura da tururuwa sai ta shinshina ta wuce. Wadda ta ƙi sha duk da haka, a jiƙa mata abincinta, ko a ba ta romon nama ko na kifi da aka ɗiba kafin a sa gishiri da magi da albasa da tafarnuwa, tun da yake albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini. Madara ba ta maye gurbin ruwa, yawancin manyan kyanwoyi ma zawo take sa su, su ƙara bushewa.

Saura abu guda da ya keɓanci ƙasar manoma irin tamu: kada a yanka robar maganin feshin auduga ko na ciyawa a mayar da ita mashayar dabba, kome wankin da aka yi mata, kuma gidan da ke da kyanwa ya nisanci maganin ɓera, domin ɓeran da ya ci guba shi ne mafi sauƙin kamu. Ina roƙon masu gida da 'yan kasuwar hatsi, duk wanda zai ja ƙofar rumbu ko ta ɗakin ajiya da daren yau, ko zai rufe gida ya yi tafiya, ya duba ko kyanwa tana ciki. In tana ciki, ya ajiye mata ruwa kafin ya sa kwaɗo.