Alkalin da ba ya yanke hukunci: kalmar ɗakin gwaji da ke cikin tukunyar Damagaram

Ɗalibin da ya fara karatun sinadarai a Damagaram ba ya daɗewa sai ya ci karo da kalmar da Turawan Ingila ke rubutawa "alkali", Faransawa kuma "alcali". Wasu kan yi murmushi, don a kunnen Bahaushe sunan mai shari'a ne. Ko kusa ba su haɗa hanya ba. Alƙalin kotu daga "al-ƙadi" na Larabci ya fito. Na ɗakin gwaji kuwa daga "al-ƙali" ne, wato tokar wasu tsirran ƙasa mai gishiri da ake ƙonawa a yi sabulu da gilashi.

A wajen masana, alkali sinadari ne da ke narkewa a ruwa ya kashe tsami. Ma'auninsa na pH ya haura 7, kuma yana mai da jar takardar litmus shuɗiya.

Wannan ba baƙon aiki ba ne a Birni ko Zango. Uwargidan da ke tace ruwan toka, ko ta jefa kanwa a wake don ya yi saurin nuna, ko a miyar yakuwa don ta karya tsami, da alkali take aiki, ko da ba ta taɓa jin sunan ba. Kanwar ma da ita Damagaram ta yi arziki: a ƙarni na 19 ayarori sun riƙa ɗauko ta daga ƙasar Manga da Muniyo su gangara Kano, kuma har gobe tana nan jibge a Kasuwar Dole.

A 1807 Humphry Davy ya yi amfani da lantarki ya ware ƙarafa biyu daga irin waɗannan sinadarai. Alamar potasiyam, K, daga "kalium" take, jikar waccan toka ta Larabawa. Ta sodiyam, Na, daga "natrium" ce, asalinta "natron", sunan kanwa a Turai.

Sodiyam ɗin nan ne abin lura. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego da shan kunun kanwa da yawa tare da wankan ruwan zafi, domin sodiyam na sa jiki ya riƙe ruwa, zuciya ta ƙara wahala.