Takardar CV Ita Ce Dillalin Yaronka A Ofis

Maganar wannan karo a kan 'ya'yanmu ce da ƙannenmu masu neman aikin albashi. Duk wanda ke bin hanyar Rai Buba zuwa Cholire da Tuboro ya san yadda masu satar mutane suka rage wa gidaje da yawa garke, aka sayar da shanu aka biya fansa. Gidan da a da yake ɗauke da samari biyar a bayan shanu, yau da ƙyar ya ɗauki biyu. Sauran dole su nufi Garwa da takarda a hannu.

A kara, baƙo ba ya sayar da sa da kansa. Dillali ne ke tsaya masa, ya ce na san shi, na san inda dabbar ta fito. To, a ofis ba wanda ya san ɗan wane ne kai. Takardar nan da ake kira CV, wato taƙaitaccen tarihin mutum da karatunsa da aikin da ya iya, ita ce ke shiga ta yi magana yaro yana waje. Mai dubawa kuma yana da tulin irinta a kan tebur, kallo ɗaya zai yi mata kamar yadda muke yi wa sa daga tozo zuwa gindi.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen, wani ɗan ƙaninmu ne ya kai takardunsa wani ofis a Garwa ana neman mai kula da dabbobi, shiru ba a kira shi ba. Da muka sa aka karanta mana abin da ya rubuta, sai muka ga a wurin aikin da ya taɓa yi ya sa “babu”. Yaron da ya shekara takwas yana koro shanu daga bakin iyakar Chadi zuwa Adumri, daga nan a loda zuwa Mubi! Shi ke riƙe littafin bashi, shi ke canjin sefa da naira, shi ke tsayawa gaban ma'aikatan duwan da malaman dabbobi. Wai shi a ganinsa aiki sai na wanda ake biya a ƙarshen wata. Wannan kuskure ne, kuma har da laifinmu iyaye, don mu ma ba mu taɓa kiran abin da suna aiki ba.

Nan ne ya kamata a zauna a yi natsuwa. Kada yaro ya rubuta “na iya harkar shanu” ya tsaya. A sa shekara: daga 2016 zuwa 2024, a ƙarƙashin wane, a kasuwa kaza. A sa adadi: kai nawa yake korowa a tafiya ɗaya, 'yan kore nawa ke ƙarƙashinsa, kuɗi nawa ake damƙa masa ya kai ya dawo da lissafi. In ya san cike fasfon dabbobi da takardar ƙetare iyaka irin ta ƙasashen CEMAC, ya faɗa. In yana gane ciwon huhu ko sammore tun daga nesa, ko ya sha riƙe dabba ranar allurar rigakafi, ya faɗa. Aikin da ya yi na baya-bayan nan shi ake fara sawa, sannan a gangara zuwa na da. Sai harsuna. Yaranmu da yawa suna jin Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa ban da Faransanci, amma ba sa rubutawa don suna ganin ba komai ba ne, alhali mai aika ma'aikaci rugage wannan yake nema.

Karatu kuwa, a sa abin da ke akwai: CEP ne, BEPC ne, ko Bak, da shekarar da aka samu da sunan makarantar. Wanda ya yi Islamiyya ko ya sauke Alƙur'ani ya sa, ba abin kunya ba ne, mu ma ita muka yi. Lasin tuƙi ma a ambace shi da ajinsa.

Amma fa a yi hattara da zuƙi-ta-malle. Dillalin da ya ɓoye aibin dabba sau ɗaya yake cin la'ada. Wanda ya ce ya iya kwamfuta, za a zaunar da shi gabanta. Wanda ya ce yana jin Turanci, da shi za a gaishe shi.

Akwai wata matsala da ke kayar da yaranmu tun kafin a karanta komai, ita ce suna da ranar haihuwa. A takardar haihuwa Mamoudou, a takardar makaranta Mahmoud, a katin ɗan ƙasa kuma wani abu daban, ga shekarar da aka rage lokacin jarrabawa. A rubuta suna harafi da harafi yadda yake a katin ɗan ƙasa. In takardu sun saɓa, a je a gyara tun ba a buɗe neman aikin ba, don gyaran yana cin lokaci, musamman ga wanda ba a yi masa takardar haihuwa ba sai ya bi ta kotu.

Tsawonta shafi ɗaya ya isa, in ya yi yawa biyu. A Kamaru da Faransanci ko Turanci ake rubutawa, wanda zai nema a Yola ko Mubi kuwa Turanci ne. In an kai wa masu buga takardu a bakin kasuwa, kada a bari su ɗauko ta wani su canza suna kawai. Mun ga wadda aka bar wa yaro lambar wayar mutumin farko.

Kuma kowane wuri da abin da za a tura gaba. SODECOTON, mai hedkwata a Garwa tun kafa ta a 1974, tana hulɗa da manoma masu shanun huɗa. LANAVET da ke Bokle, wadda aka kafa a 1983, alluran rigakafin dabbobi take yi. Gandun dajin Buba Njida yana nan cikin Mayo-Rai, can sanin daji da sanin makiyaya ne abin faɗa. Akwai kuma FNE, hukumar da gwamnati ta kafa a 1990 don haɗa masu neman aiki da masu ɗauka, ya kamata yaro ya yi rajista da ita. Aikin gwamnati shi yawanci ta hanyar jarrabawar gasa ake shiga, ana haɗa takardar roƙo mai tambur, da kwafin takardu da hukuma ta buga wa hatimi, da takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba, wadda ba ta wuce wata uku ba. Takardun asali su zauna a gida, kwafi ake miƙawa.

A ƙasa ana sa sunan mutum biyu da za su shaidi yaro. Nan namu aikin yake. Sarkin kara, ko shugaban ƙungiya, ko malamin dabbobin da ya san shi a bakin aiki, amma a nemi izininsu tukuna, kada a kira Alhaji ya ce wane ne kuma wannan. Lambar wayar yaron kuma ta zama wadda ke shiga. In zai bi shanu daji inda babu sabis, ya sa ta wani na gida wanda zai ɗauka ya aika masa.