Girgizar Ƙasa: Babu Wanda Ya San Ranarta

Duk saƙon da ya shigo wayarka yana cewa gobe da ƙarfe kaza ƙasa za ta girgiza a Yaounde, ƙarya ne. A Janairun 2010 irin wannan jita-jita ta sa dubban mutane a Ghana suka kwana a waje, gari ya waye babu abin da ya faru.

Ɓawon duniya a tsattsage yake. Manyan ɓangarorinsa suna motsi a hankali suna gugar juna, nauyi na taruwa shekara da shekaru, har ranar da dutse ya gaza ya ɓalle. Masana suna kafa na'urori masu jin motsin ƙasa, suna zana taswirar tsagogin, suna bin tarihin girgizar da ta gabata. Da haka suke gane yankin da ke cikin haɗari, amma rana da sa'a sun gagari kowa. Ko a Japan da Meziko, gargaɗin da ake samu na 'yan daƙiƙoƙi ne, bayan girgizar ta riga ta fara a wani wuri.

Kamaru tana da jerin duwatsu masu aman wuta. Dutsen Kamaru da ke Buea ya yi aman wuta a 1999 da 2000, ƙasa kuma ta yi ta motsi kafin nan. Hukumar binciken ƙasa ta Kamaru, IRGM, tana sa masa ido daga garin Ekona. A 1986 iskar da ta taso daga tafkin Nyos, da ke cikin wannan jerin duwatsu, ta kashe mutum fiye da 1,700.

Girgizar Turkiyya da Siriya ta Fabrairun 2023 ta ci rai sama da 50,000, akasarinsu gini ne ya rufta musu. Wannan shi ne darasin mutanen unguwar Briqueterie ta Yaounde, inda gidaje suke manne da juna, lunguna kuma matsattsu. Kada a ɗora bene a kan tsohon harsashi. Kada a rage rodi ko siminti don araha. A nemi injiniya tun kafin a haƙa tushe.

Idan ƙasa ta motsa kana ɗaki, durƙusa ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, ka kare kanka. Idan a waje kake, nisanci katanga da wayoyin lantarki. Bayan ta lafa, rufe tukunyar gas ka fita fili.

Jama'a, mu daina yaɗa saƙon da ba mu san tushensa ba, mu kuma gyara gininmu. Rigakafi ya fi magani.